Tonga: ƙasar da ke rataye da igiya guda

Ranar Asabar 15 ga watan Janairu na shekarar 2022, wajen lokacin da ladanai ke kiran assalatu a Yamai da Damagaram, a can ɗaya gefen duniya kuwa ƙarfe biyar na yamma ta ɗan gota, wani dutse mai aman wuta da ke ƙarƙashin tekun Pasifik ya fashe da ƙarar da aka jiyo har jihar Alaska ta Amurka. Ba a cika awa biyu ba, duk talhon da aka buga zuwa ƙasar Tonga ya daina shiga, intanet ya ɗauke, bankuna suka rasa hanyar magana da takwarorinsu na waje. Mutum dubu 100 suka yi ɓatan dabo daga kunnen duniya. Ƴan'uwansu da ke zaune a Niw Zilan da Ostareliya da Amurka suka kwana suka wuni suna danna lamba, ba su san ko iyayensu na da rai ba.

Filin nan na wannan mako zai duba yadda aka yi ƙasa sukutum, mai sarki da majalisa da kamfanonin salula biyu, ta wayi gari ba ta da bakin magana, da kuma abin da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati za su tsinta daga cikin labarin.

Ina ne Tonga?

Tonga masarauta ce ta tsibirai wajen 170 a kudancin tekun Pasifik, gabas da ƙasar Fiji, amma waɗanda ke da mazauna ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. In aka haɗa faɗin ƙasarta duka, kilomita murabba'i 750 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Ƙidayar shekarar 2021 ta sami mutum dubu 100 da ƴan kai, wato ba su kai rabin mutanen birnin Maraɗi ba. Mafi yawansu suna zaune a babban tsibirin Tongatapu, inda babban birni Nuku'alofa yake, sauran kuma suna warwatse a gungun tsibiran Ha'apai da Vava'u da tsibirin 'Eua da wasu ƙanana can arewa mai nisa. Tsakanin agogon Tonga da na Nijar awa 12 ne cif: in rana ta take tsaka a Tawa, dare ya raba a Nuku'alofa. Ƙasar ta zauna ƙarƙashin kariyar Ingila daga 1900 zuwa 1970, ba tare da an kawar da gidan sarautarta ba.

Arzikin ƙasar bai da yawa: kamun kifi, noman kabewa da rogo da doya, da baƙi masu zuwa kallon manyan kifayen teku. Babban jarinta ƴaƴanta ne da ke waje. Bisa lissafin Bankin Duniya, kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa gida ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na dukan abin da ƙasar ke samarwa a shekara, abin da ya sa ta cikin sahun farko a duniya ta wannan fanni. Duk wanda ya san gidan da tukunyarsa ba ta hawa murhu sai saƙo ya zo daga ɗan da ke Abijan ko Legas ya san matsayin talho a irin wannan ƙasa. Da shi ake jin lafiyar juna, ta cikinsa kuma kuɗin cefane da na lakwal da na asibiti ke shigowa.

Daga gida ɗaya zuwa kishiyoyi biyu

Shekaru da dama harkar waya a Tonga tana rabe biyu: hukumar gwamnati na kula da layukan cikin gida, kamfanin Ingila Cable and Wireless na riƙe da ƙofar waje ta hanyar tauraron ɗan Adam. A shekarar 2001 aka haɗe ayyukan biyu a ƙarƙashin kamfanin gwamnati mai suna Tonga Communications Corporation, wanda aka fi sani da TCC, shi ne kuma ya buɗe rezon salula na zamani. A 2002 ya sami kishiya, kamfanin TonFon, wanda ke da alaƙa da yarima mai jiran gado na lokacin. Kamfanin Digicel na attajirin nan ɗan ƙasar Ailan, Denis O'Brien, ya saye TonFon a 2007, ya kuma fara aiki da sunansa a 2008. Gasar ta yi amfani: kuɗin kira ya sauka, salula ta shiga ƙauyuka da ƙananan tsibirai.

To amma akwai lissafin da gasa ba ta iya gyarawa. Hasumiyar rezo kuɗinta ɗaya ne, ko mutum dubu 20 ke ƙarƙashinta ko mutum 200. A ƙaramin tsibiri sai an yi dakon ƙarfe da siminti da man janareto a jirgin ruwa, gishirin teku na cin ƙarafa, guguwa kuma na iya kayar da aikin shekara cikin dare ɗaya, kamar yadda guguwar Gita ta yi wa Tongatapu ɓarna a watan Fabrairu na 2018. Ɗan kasuwa ya san wannan tun daga rumfarsa: haya da haraji ba su raguwa don masu saye sun yi kaɗan. Saboda haka a kasuwar mutum dubu 100, kamfani biyu ma da ƙyar suke cin riba, balle a yi zancen ajiye kayan ko-ta-kwana da ba su kawo ko dala.

Ban da wannan, har zuwa shekarar 2013 duk maganar da ta fita Tonga sai ta hau sama zuwa tauraro ta sauko, hanya mai tsada, mai nawa, mai ɗaukar kaya kaɗan.

Igiyar da ta zo daga Fiji

A watan Agusta na 2013 aka buɗe igiyar waya ta ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 827, daga Nuku'alofa zuwa Suva, babban birnin Fiji, inda ta haɗu da babbar igiyar Southern Cross mai zuwa Ostareliya da Niw Zilan da Amurka. Tsawon nan ya ɗara tafiyar Yamai zuwa Maraɗi, bai kai ta Yamai zuwa Damagaram ba. Aikin ya ci fiye da miliyon 30 na dalar Amurka, wadda ba dalar kasuwar Maraɗi ba ce. In aka raba wa kowane ɗan ƙasa, babba da yaro, zai tashi a kan fiye da jika 150 na sefa. Babu ɗan kasuwar da zai zuba wannan jari yana jiran mutum dubu 100 su mayar masa, don haka Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya ne suka ɗauki mafi yawan nauyin, TCC ya cika. Aka kafa kamfanin Tonga Cable, wanda gwamnati ke da kaso mafi girma a ciki, domin ya riƙe igiyar ya riƙa sayar wa kamfanonin salula hanya. A 2018 aka ƙara wata igiyar ta cikin gida zuwa Ha'apai da Vava'u.

Mai karatu zai so ya san kamannin wannan abu. A cikin zurfin teku kaurinta bai wuce na tiyon ban ruwa ba. A tsakiyarta akwai zaren gilashi masu siririn gashin kai, an lulluɓe su da ƙarfe da tagulla da roba. Murya da hoto da lissafin banki duk ana mayar da su walƙiyar haske, hasken ya bi cikin zaren ya isa ɗaya bakin kafin ƙiftawar ido. Jama'a da yawa na zaton salula da iska take tafiya har Makka ko Faransa, alhali kuwa iskar ba ta wuce tsakanin talho da hasumiya mafi kusa ba. Daga nan sai ƙasa da ruwa: fiye da kashi 95 cikin 100 na saƙonnin da ke ƙetara nahiyoyi ta irin waɗannan igiyoyi suke bi. Kowace shekara ana samun tsinkewa fiye da 100 a tekunan duniya, akasari sanadin komar masunta da angar jiragen ruwa. Ba a cika jin labarinsu ba domin manyan ƙasashe suna da igiyoyi barkatai, in ɗaya ta yanke sai kaya su koma kan sauran. Tonga kuwa a lokacin guda ɗaya tak gare ta.

Gargaɗin 2019

Ba a ce ƙaddara ta zo babu sallama ba. Ranar 20 ga watan Janairu na 2019 igiyar ta tsinke kusa da gaɓa, aka kuma ɗora laifin a kan angar wani jirgin ruwa da ta ja ta. Kusan mako biyu ƙasar na lallaɓawa da ƴar hanyar tauraro. Aka toshe Facebook da YouTube domin a bar wa bankuna da kamfanonin jiragen sama da ofisoshin gwamnati ɗan abin da ya rage, mutane suka riƙa yin layi a ƙofar kamfanin waya don su sami aika saƙo ɗaya.

Bayan an gyara, hukumomi sun ga ya kamata a yi tanadi. A cikin shekarar aka sa hannu kan kwangilar shekara 15 da kamfanin tauraro mai suna Kacific da ke Singafo, a kan dalar Amurka miliyon 5 da dubu 700, domin ya zama madogara ranar da igiya ta sake yankewa. Sai saɓani ya shiga tsakani game da ingancin yarjejeniyar da biyan kuɗin, har magana ta kai gaban masu sasantawa. Shekara uku ana ja-in-ja a kan takarda. Ranar da dutsen Hunga Tonga-Hunga Ha'apai ya fashe, gardamar ba ta ƙare ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi tafiya ta zo gora na hannun masu shari'a.

Kwana 38

Dutsen yana kilomita 65 arewa da Nuku'alofa. Toka da tururin da ya watsa sun kai tsayin kilomita 57 a sama, tsayin da ba a taɓa auna irinsa ga wani dutse ba. Teku ya yi ambaliyar da ake kira sunami, gwamnati ta ce a wasu gaɓoɓi tsayin ruwan ya kai mita 15. A ƙaramin tsibirin Mango ba gidan da ya tsaya. Aƙalla mutum uku suka rasu, toka ta rufe gonaki da rijiyoyi da tankunan ruwan sama. Daga baya Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar a kan dalar Amurka miliyon 90 da ɗoriya, wajen miliyar 52 na sefa ke nan, daidai da kashi 18 da rabi cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara.

Abin da ya faru a ƙarƙashin ruwa ba a gane shi sosai ba sai da masana suka bincika. Tarkacen dutsen da ya faɗo cikin teku ya zama malalar duwatsu da toka mai gudu a gindin ruwa, wadda binciken da aka buga a mujallar Science a 2023 ya ce saurinta ya kai kilomita 122 a awa. Ita ce ta yayyaga igiyoyin biyu, ta waje da ta gida, ta binne kusan kilomita 200 nasu.

A kwanakin farko labarin Tonga bai fita sai ta ƴan talhon tauraro na ofisoshin jakadancin Niw Zilan da Ostareliya. Sanarwar farko ta gwamnatin firaminista Siaosi Sovaleni ba ta isa duniya ba sai ranar 18 ga wata, bayan kwana uku. Masu kawo agaji ba su san abin da ake bukata ba, ba su kuma san ko jirgi zai iya sauka ba, har sai da jama'a suka share tokar filin jirgin Fua'amotu da tsintsiya da shebur, jiragen farko suka sauka ranar 20 ga wata. A cikin makon ne Digicel ya samu ya maido da kiran waje ta hanyar faifan tauraro na Jami'ar Kudancin Pasifik, amma a kan tsohon rezo mai ɗaukar murya da gajeren saƙo kawai, layin kuma a cushe.

Nan ne talaka ya ji jiki. A daidai lokacin da iyalai suka fi bukatar taimakon ƴaƴansu, hanyar taimakon ce ta toshe. Kuɗi na hannun ɗa a Okland, uwa na tsaye gaban kantin karɓar saƙo a Nuku'alofa, tsakaninsu babu abin da zai tabbatar wa mai kanti cewa an biya. Ɗan kasuwar da ya yi odar shinkafa da fulawa daga waje bai da hanyar biyan mai kaya ko sanin inda jirgi yake. Ma'aikacin da ke Vava'u bai da hanyar aika rahoto ga ministansa sai ta rediyo ko jirgin ruwa.

Gyaran igiyar teku ba aikin gaggawa ba ne. Da farko injiniyoyi kan harba haske daga bakin gaɓa su auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, da haka suke gane inda zaren ya yanke. Awon farko ya nuna kilomita 37 daga Tonga. Sannan sai a nemi jirgin gyara, irinsu kuwa ƴan ƙalilan ne a duniya. Mafi kusa shi ne Reliance na kamfanin Amurka SubCom, wanda ke Fot Mosbi ta ƙasar Papuwa Niw Gini, nisan fiye da kilomita dubu 4. Sai da ya biya ta Samowa ya ɗauki kayan aiki. Da ya iso, ma'aikata suka riƙa jefa ƙugiya suna jan gindin teku, suka tarar ba yanka ɗaya ba ne: igiyar ta gutsuttsure, wani sashen ya yi nisa da mazauninsa, wani ya nutse cikin toka. Guntun da Tonga ta ajiye bai isa ba, sai da aka ranto daga wasu kamfanoni aka jona kusan kilomita 90 sabuwa. Ana cikin haka cutar korona, wadda ƙasar ta yi kusan shekara biyu tana tsare kanta daga gare ta, ta ɓulla a tashar jiragen ruwa a farkon Fabrairu, aka kulle jama'a a gida ba intanet ɗin kirki. Ranar 22 ga Fabrairu, bayan kwana 38, babban tsibiri ya koma kan layi. Mutanen Ha'apai da Vava'u kuwa sai tsakiyar 2023 aka gyara tasu, domin sai da aka ƙera sabuwar igiya tukuna. Shekara ɗaya da rabi ke nan.

Masu zuwa da taimako, da abin da ke bayansa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin SpaceX na Elon Musk ya ba Tonga kyautar na'urori 50 na Starlink, tsarin da ke aiki da dubban ƙananan taurari masu shawagi kusa da ƙasa. Mutanen tsibirai masu nisa suka ɗanɗana, wasu suka sayo nasu daga waje. A ƙarshen watan Yuni na 2024 igiyar cikin gida ta sake yankewa bayan wata girgizar ƙasa, Vava'u da Ha'apai suka koma duhu. A cikin wannan hali ne, a watan Yuli, hukuma ta umarci Starlink ya dakatar da aiki domin bai da lasisi. Jama'a suka yi ca, masu otel da ƴan kasuwa suka sa hannu kan takardar koke, bayan ƴan kwanaki gwamnati ta ba kamfanin izini na wucin gadi.

Kowane ɓangare na da hujjarsa. Ma'aikacin hukuma na ganin doka doka ce, kuma in masu hali duka suka koma tauraron baƙo, wanda bai gina hasumiya ko ɗaya a ƙasar ba, wa zai biya kuɗin kula da igiya da rezon ƙauye? Ɗan kasuwa kuma na ganin dokar da ta hana shi magana ranar da hanyar gwamnati ta mutu ba ta tsare kowa ba. Wannan gardama ba ta Tonga kaɗai ba ce, ƙasashen Afirka da dama sun sha irinta.

Manyan ƙasashe ma ba su zauna ba. A watan Yuli na 2022 kamfanin Telstra na Ostareliya ya kammala sayen reshen Digicel na Pasifik, wanda ya haɗa da na Tonga, a kan dalar Amurka miliyar 1 da miliyon 600. Daga ciki gwamnatin Ostareliya ce ta samar da miliyar 1 da miliyon 330. Ruwa ba ya tsami banza: masu lura da al'amura sun fassara wannan karamci da tsoron kada kamfanin ya faɗa hannun Sin. A 2024 kuma Ostareliya da Niw Zilan suka sanar da ɗaukar nauyin igiya ta biyu, reshe daga babbar igiyar Hawaiki wanda aka tsara ya sauka a Vava'u, nesa da hanyar ta farko. Abin da lissafin kasuwa ya hana Tonga shekara goma, bala'i da kishin manya suka kawo maganarsa kan tebur.

Tsibirin da ba ruwa

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mutumin Sahel da abin da ya faru a gindin tekun Pasifik. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku, ta fuskar waya, ƴar'uwar tsibiri ce: saƙonta sai ya ratsa ƙasar maƙwabci kafin ya kai bakin igiya. A ƙarshen watan Yuli na 2009, da igiyar SAT-3 ta sami matsala ta wajen Benin, intanet ya durƙushe a Benin da Togo da Nijar, Najeriya ma ta rasa mafi yawan hanyarta. Ranar 14 ga Maris na 2024 igiyoyi huɗu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a rana ɗaya a tekun Kodibuwa, ƙasashe fiye da goma suka ji a jikinsu, har da Nijar. Gyaran ya ɗauki makonni, kamfanonin da suka fi saurin farfaɗowa kuwa su ne waɗanda tun farko suka kama hanya a kan wata igiyar dabam, irin su Equiano da ta sauka a Lome da Legas.

Saboda haka tambayoyin da Tonga ta amsa da tsada suna nan a gaban kowa. Ga ma'aikacin da ke tsara kasafi: ƙofa nawa ƙasa ke da ita zuwa waje, kuma shin ƙofofin ba a bakin rami ɗaya suke haɗuwa ba? Kwangilar madogara an biya ta, an gwada ta, ko tana cikin durowa tana jiran sa hannu? Asibiti da banki da ofishin kwastan sun san abin da za su yi in layi ya ɗauke mako guda? Ga ɗan kasuwa kuma: in talho ya mutu gobe, lambobin abokan ciniki da lissafin bashi suna rubuce a wani littafi, ko duk suna cikin na'urar? Akwai abin da zai riƙe shago kwana goma ba tare da kuɗin salula ba?

Kuɗin madogara kullum kamar asara yake a shekarar da ba abin da ya faru, shi ya sa yake zama na farko da ake yankewa in kasafi ya matse. Mutanen Tonga sun ga abin da yankewar ke jawowa, sau ɗaya a 2019, sau ɗaya a 2022, mutanen tsibiran arewa kuma har da na uku a 2024. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ko da yana nisan awa 12 na agogo, mai hankali kan shafa wa nasa ruwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.